Janareto, Tubula ko Litiyom: Wace Wuta Ta Dace da Asibitin Unguwa da Makaranta?

A tsakiyar damina aka kira ni wani ƙaramin asibiti a bayan garin Jos, wai solarsu ta mutu. Na hau kan kwano na duba faifan sola guda takwas, lafiyarsu ƙalau, ko tsaga babu. Da na sauko na nufi ɗan ɗakin da aka ajiye batura, tun daga bakin ƙofa wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya tare ni. Batura huɗu ne, biyu sun kumbura, kawunansu sun yi farin gari. Na kwance murfin ɗaya na haska da tocila, na ga ƙarafan ciki a bushe ƙayau. Ruwan ya ƙafe tun tuni.

Shugabar asibitin, wadda kowa ke kira incaj, tana tsaye a bayana. Ta ce, "Injiniya, ashe ana zuba musu ruwa? Wallahi ranar da aka kafa ba wanda ya faɗa mana. An ɗauki hoto, aka miƙo mini makulli, shi ke nan." A daren da ya gabata ta karɓi haihuwa, ƙanwar mai naƙudar ce ta riƙe mata fitilar waya har aka yanke cibiya aka yi ɗinki.

'Yan asalin unguwar da ke aiki a Abuja sun haɗa kuɗi sun turo a gyara. A zauren mai unguwa aka zauna, baki kuma ya rabu uku. Wani dattijo ya ce a sayi janareto a huta, an gwada sola an gani. Ma'ajin kwamiti ya ce a mayar da irin baturan da suka mutu, sun fi araha. Hedimastan makarantar da ke maƙwabtaka da asibitin ya ce tunda kuɗin na al'umma ne, a yi babba guda ɗaya a ja waya zuwa makaranta. Kowannensu yana da hujja, kuma na san irin wannan zama ana yin sa a mazaɓu da yawa daga Bassa har Wase. Abin da na faɗa musu shi ne zan shimfiɗa a nan.

Na fara da janareto domin maganarsa ba ta da tsawo. Matsakaicin janareton fetur, irin wanda zai ɗauki fitilu da fanka da firji, yana shan kusan lita ɗaya a awa. Dare ɗaya lita 10, wata guda lita 300. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ana sayen lita ƙasa da naira 200; kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ba wani asibitin unguwa da kuɗin kati da na gwajin zazzaɓi za su iya ciyar da wannan. Abin da ke faruwa a zahiri kowa ya sani: idan naƙuda ta zo da dare, sai a ce wa maigida ya nemo mai, shi kuma ya bazama da galan ƙarfe biyun dare. Ga ƙara, ga hayaƙin da ke kisa idan aka kusantar da shi ɗaki saboda gudun ɓarayi. Duk da haka ban ce a jefar da shi ba. Na ce wa dattijon, "Baba, janareto yana da rana, amma a matsayin ɗan taimako. A ajiye ƙarami saboda ranar da hadari ya kwana uku bai yaye ba, ko ranar da za a kunna tukunyar tafasa kayan aiki."

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Bankin Duniya a farkon 2023 ya ce kusan mutum biliyan ɗaya ne ke zuwa asibitocin da ko dai babu wuta sam, ko akwai amma ba a dogara da ita. Kuma ɗaya daga cikin dabarun da aka fi sani a duniya kan wutar ɗakin haihuwa a Arewa aka haife ta. A 2008 wata likitar mata daga Amurka, Laura Stachel, ta zo wani asibitin gwamnati a Zariya ta ga ana aiki cikin duhu. Mijinta Hal Aronson ya haɗa mata ɗan kayan sola da ke shiga cikin akwati, daga nan ƙungiyar We Care Solar ta samo asali. Abin lura a akwatin nan shi ne ƙanƙantarsa: fitilu masu haske, wurin cajin waya, na'urar jin bugun zuciyar jariri. Bai yi alkawarin kunna asibiti gaba ɗaya ba, ya tsaya a ɗakin da rai ke rataye.

Daga nan na koma kan shawarar hedimasta, wadda a ido ta fi kowacce kyau. Matsalar ita ce asibiti da makaranta ba lokaci ɗaya suke cin wuta ba, kuma ba nauyi ɗaya ke kansu ba. Makarantar jeka-ka-dawo tana aiki daga ƙarfe takwas zuwa biyu, daidai lokacin da rana ke kan faifai. Wutar da aka samu a take ake cinye ta, batir kaɗan ya ishe ta. Asibiti kuwa aikinsa mafi hatsari da dare yake zuwa, don haka kusan duk ƙarfinsa a batir yake. Idan aka haɗa su a layi ɗaya, makaranta za ta sha wutar da ya kamata ta cika batir da rana, musamman a Yuli da Agusta, sai dare ya yi ungozoma ta tarar da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta soket, tana kuka. Sannan waya mai nisa tana zubar da wuta a hanya, kuma tana jan hankalin masu yanke ta. Gara kowa da nasa, ko da na makarantar zai jira zagaye na biyu.

Hatta a cikin asibitin ma ba na son a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Akwai hanya biyu. Ta farko ita ce wadda aka saba: inbata guda babba, batura a ɗaki ɗaya, kowane soket na asibiti a jikinta. Tana da sauƙin kafawa, kuma kowace na'ura za ta hau. Aibinta shi ne ranar da inbata ta ƙone, komai ya tsaya lokaci guda: firji, fitila, famfo. Kuma soket ba ya tambayar wanda ya zo. Maigadi zai jona hita saboda sanyin Disamba, wata za ta jona butar lantarki mai wat 2,000, kafin asuba batir ya zube. Ban zargi kowa ba, wanda ya kwana a Jos a hunturu ya san abin da ke sa mutum neman ruwan ɗumi. Amma tsarin da aka gina bai kamata ya dogara da haƙurin mutane kaɗai ba.

Hanya ta biyu ita ce a raba. Firjin rigakafi ya tsaya shi kaɗai da faifansa. Ɗakin haihuwa da na kwanciya su sami layinsu na fitilu wanda ba soket a jikinsa. Sauran kaya su hau inbata. Ta fi tsada kaɗan, ta fi cin lokaci, amma idan ɗaya ya faɗi biyu suna tsaye.

Maganar firji tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ake asarar da ba a gani. Alluran rigakafi ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kowa yana tsoron zafi, amma daskarewa ma tana kashe wasu: penta (allurar jarirai ta cututtuka biyar), ta ciwon hanta, ta tetanus, ta shan inna ta allura. Alamar da ke jikin kwalba tana canza launi idan zafi ya taɓa ta, amma ba ta nuna komai idan ta daskare. Sai ma'aikaci ya yi gwajin girgiza, wato ya girgiza kwalbar ya duba yadda maganin ke kwantawa, kafin ya gane. Firjin gida da aka jona a inbata yana da laifi biyu: kusa da bangon ciki yana daskarar da kaya, idan wuta ta ɗauke kuma cikin 'yan awoyi ya huce. Sai a yi wa yaro allura, uwa ta tafi da kati a hannu tana ganin an kare shi, alhali ruwa aka tsira masa. Firjin da ya dace shi ne wanda ke shan wuta kai tsaye daga faifai ba tare da batir ba. Da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyi dare da rana, har kwanaki idan hadari ya rufe. Irinsa Hukumar Lafiya ta Duniya ke tantancewa, kuma Gavi, ƙawancen duniya na tallafa wa rigakafi, da UNICEF sun tallafa an rarraba da yawa ta hannun hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Saboda haka kafin kwamiti ya kashe ko sisi a kan firji, ya fara zuwa wurin jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ya ji ko asibitinsu yana cikin jeri. Idan an samu, kada a yarda kowa ya ja waya daga faifansa. Wasu sababbin suna zuwa da wurin caji da ke ba da rarar wuta bayan firji ya ƙoshi; wannan kaɗai aka yarda. A cikin firjin kuma ake iya ajiye oksitosin, allurar da ke tsayar da jini bayan haihuwa, wadda ita ma zafi ke rage mata ƙarfi.

Sai batir, inda ma'aji ya fi tsayawa, inda kuma mafi yawan kuɗin ke tafiya.

Batirin tubula, mai ruwa da dalma, shi ne wanda muka saba. Guda ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4, irin yunit ɗin da ake saye a mitar kati. Guda huɗu yunit 9.6 ke nan a takarda. Amma tubula ba a shanye shi. Idan ana so ya yi kwana, rabi ake ci a bar rabi. Ke nan abin da ke hannunka bai kai yunit 5 ba. Batirin litiyom guda ɗaya mai yunit 5.12 kuwa ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa kullum. Ma'ana tubula huɗu da litiyom ɗaya kusan aiki ɗaya suke yi. Wannan shi ne kuskuren da ake yi a kasuwa: a gwada farashin tubula ɗaya da litiyom ɗaya a ce litiyom ya yi tsada. Je ka Dilimi ko titin Ahmadu Bello a Jos ka tambayi kuɗin tubula huɗu masu kyau da na litiyom ɗaya a rana guda, za ka ga tazarar ba ta kai yadda ake tsoro ba.

Bambancin da ya fi girma a tsawon rai yake. Tubula mai kyau, idan ana kula da shi, yana jure cika da zubewa sau 1,000 zuwa 1,500, wato shekara uku zuwa huɗu idan kullum sau ɗaya ne. Irin litiyom da ake sa wa sola, mai haɗin ƙarfe da fosfet, masu ƙera shi suna rubuta sau 3,000 zuwa 6,000. Ko an ɗauki mafi ƙarancin, an wuce shekara takwas. Kafin litiyom ɗaya ya gaji an sayi tubula sau biyu ko uku, kuma a kowane karo sai an sake zaman zaure an sake roƙon 'yan Abuja. Araha ba ta ado.

Sannan ga kula. Tubula yana son a duba ruwansa duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na rijiya ba, ba na leda ba. Yana son ɗaki mai iska domin yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Idan ya kwana biyu bai cika ba yana kurumcewa, ya daina riƙe caji sosai, kuma a watan Agusta a Jos haka yake kwana. A gidan mutum, inda mai shi ya san abin da ya kashe, ana iya wannan hidima. A asibitin gwamnati kuwa ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki. Wadda aka koya wa ta tafi, wadda ta zo ba ta sani ba. Abin da na gani a ɗakin nan ke nan. Litiyom ba ya shan ruwa, yana cika da sauri a 'yar ranar da ta leƙo tsakanin hadari, kuma yana da kwakwalwa a ciki da ke yanke wuta kafin a yi masa illa.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Na farko, jabu ya cika kasuwa. Ana haɗa tsofaffin ƙwayoyin batir a sabon akwati a manna takarda mai sheƙi. Na gaske mai yunit 5 nauyinsa yana kusa da kilo 45 zuwa 50. Idan yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya, a bar shi. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a cika shi, a jona masa kaya mai cin wat 1,000, a zauna da agogo. Idan bai kai awa huɗu ba, a mayar. A sa wannan a cikin yarjejeniya kafin a biya cikon kuɗi. Na biyu, idan kwakwalwarsa ta kulle, mai gyaran batirin mota na bakin tasha ba zai iya buɗe ta ba, sai wanda ya san shi. Don haka a ƙauyen da mai gyara zai yi tafiyar yini kafin ya iso, kuma akwai wani tsayayye da ba a canza shi wanda zai riƙa zuba ruwa, ban ga laifin tubula ba. Na uku, ba kowace tsohuwar inbata ke jituwa da shi ba, wani lokaci sai an canza ta. Shi kuma tubula idan ya mutu kada a bar shi a bayan asibiti yara su fasa. Dalma guba ce, abin da ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinariya bai kamata a manta ba. Masu sayen tsohon batir suna karɓa su biya.

Yanayin wuri ma yana shiga lissafi. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, sanyinta alheri ne ga kayan sola: faifai yana rage ƙarfi idan ya yi zafi, batirin dalma kuma ransa yana raguwa kusan rabi da kowane ƙarin digiri 10 sama da 25. Tubulan da zai yi shekara huɗu a Bukuru ba zai yi haka a Shendam ko Wase ko Gwagwalada ba. A can ƙasa, hujjar litiyom ta fi ƙarfi. Amma tudu yana da nasa haraji. Tsawar Filato ba ta wasa. Inbatocin da na canza saboda tsawa sun fi waɗanda tsufa ya kashe. Sandar ƙasa ta tagulla, wadda ake binnewa don ta zubar da wutar tsawa a ƙasa, da abin kare tsawa ba ƙari ba ne, kuma su ne farkon abin da ɗan kwangila ke cirewa idan aka matsa masa ya rage farashi. A hunturu ƙura tana lulluɓe faifai, a wanke shi duk mako da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi. A karkata shi kaɗan ya kalli kudu, kamar digiri 10 zuwa 15, ruwan sama ya riƙa wanke shi. Kuma duk lissafin da za a yi, da watan Agusta za a yi shi, ba da Maris ba.

Ga yadda na lissafa musu a kan takarda. Ƙwan fitila 10 masu wat 10 na awa 10, yunit ɗaya. Fanka biyu, cajin waya, madubin gwaji da sauran ƙananan kaya, dare da rana, a ce duka yunit 6 a yini. A Agusta a ɗauki awa huɗu na rana mai ƙarfi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara a waya da inbata: ana buƙatar faifai na kilowat 2, wato manya huɗu masu wat 550, da litiyom ɗaya. Amma da zarar an kawo na'urar oksijin, lissafi ya canza gaba ɗaya. Tana cin kusan wat 350 ba tsayawa, sama da yunit 8 a yini, ita kaɗai ta fi sauran asibitin. Sai faifai tara da batir biyu. Na tambayi incaj, "Hajiya, kuna da ita ko kuna sa ran ta?" Ta ce an yi musu alkawari. Na ce to a sayi inbatar da za ta karɓi ƙarin faifai da batir daga baya, kada a saye su yanzu. Famfon burtsatse kuwa a ba shi faifansa, ya tura ruwa tanki da rana. Tankin shi ne batirinsa.

Makaranta maganarta gajera ce, kuma tana rataye a kan irin kwamfutar da za a saya. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana shiga ɗakin jarrabawa da tsoro biyu. Kwamfutar cinya 20 suna cin kusan wat 1,000 gaba ɗaya, kuma kowacce da batirinta a ciki. Na tebur 20 suna cin ninki uku, kuma ko walƙiya wuta ta yi sun mutu. Wanda ya zaɓi na cinya ya rage kuɗin sola sosai kafin ya sayi faifai ko ɗaya. Sai dai a tanadi akwatin ƙarfe mai makulli, a kuma ɗaure faifan da kusoshin da ba sa kwancewa, domin makaranta tana kwana ba kowa, a hutu kuma makonni. Makarantar kwana ko islamiyyar dare dabam: su batir suke buƙata don fitila, lissafinsu ya fi kusa da na asibiti.

Akwai zaɓin da bai shafe su ba amma zai shafi wasu: idan kamfani ya kafa ƙaramar tashar sola a garin. Hukumar samar da wuta a karkara tana tallafa wa irin waɗannan, kuma a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa su. Filato ba baƙuwar wutar da ba ta babban layi ba ce. Tun 1929 kamfanin NESCO ke samar da ita daga ruwan Kurra saboda haƙar kuza. Alfanun tasha shi ne gyara da canjin batir suna wuyan kamfani, kai dai ka sayi yunit. Haɗarinta shi ne ranar da kati ya ƙare wuta ta yanke, ko da ana tsakiyar haihuwa. Idan za a shiga, a rubuta cewa ba a yanke layin asibiti, kuma firjin rigakafi da fitilun ɗakin haihuwa su ci gaba da zama a kan nasu.

Mai unguwa ya saurara har na gama, sannan ya yi tambayar da na fi so a yi: "To Malam, bayan ka tafi wa zai riƙe?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a cire kashi ɗaya cikin goma na kuɗin nan a ajiye kafin a sayi komai." Asibitin da ke karɓar kuɗin asusun kula da lafiya na matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, yana iya sa gyaran sola a cikin tsarin kashe kuɗinsa. A koya wa mutum uku, ba ɗaya ba, kuma ɗaya ya zama ɗan unguwa wanda ba a yi masa canji. A manna lambar mai gyara a jikin bango kusa da inbata, da littafin da ake rubuta adadin cajin batir safe da yamma.

Sun tsaya a kan litiyom ɗaya da sabuwar inbata, aka bar tsofaffin faifan takwas tunda lafiyarsu lau, aka ja layin fitilu dabam zuwa ɗakin haihuwa, aka binne sandar ƙasa. Kuɗin tsofaffin baturan aka zuba a asusun gyara. Hedimasta bai ji daɗi ba, ya kuma faɗa a gaban kowa. Aka rubuta a littafin kwamiti cewa gudummawar gaba ta makaranta ce, shi kuma ya koma ya canza takardar buƙatarsa daga kwamfutocin tebur zuwa na cinya.